Me Ya Sa Ake Kiranka Kirista?

Karatu: 1 Korintiyawa 15:1-20, Ayyukan Manzanni 11:19-26
Ayar haddacewa: Romawa 10:9

Kafin mu shiga karatunmu na yau bari in ba ka wani labari na garin nan wanda ba kowa ya san shi ba.

A shekarar 1710 waɗansu limaman Katolika biyu, 'yan ƙungiyar Faransiskan, suka tashi daga Tarabulus ta ƙasar Libiya suka bi ayarin raƙuma zuwa kudu. Sunan shugaban tafiyar Fada Carlo Maria, abokinsa kuwa Fada Severino. Abin da ya fito da su shi ne wani labari da ya riƙa isa Tarabulus ta bakin matafiya, cewa can kudu da Borno, a ƙasar Kwararrafa, akwai Kiristoci, an ma ga alamar gicciye a wurinsu. Suka ratsa Fezzan, suka sauka Agadas, daga nan suka iso Katsina a 1711, lokacin hasumiyar Gobarau tana tsaye. A nan ciwo ya kama su, su biyun suka mutu. Wani falke da suka yi tafiya tare shi ne ya koma da labarin mutuwarsu. Ba su taka ƙasar Kwararrafa ba.

Nakan yi tunanin mutanen nan. Da a ce sun kai, sun kuma tarar da gicciyen rataye a wuyan mutane ko an zana a bango, da aikinsu bai ƙare ba tukuna. Dole su zaunar da mai gicciyen su tambaye shi: wane ne ya mutu a kan wannan itace, don me ya mutu, ina yake yanzu? Gama alama kaɗai ba ta ba da amsa. Har yau maƙeran Buzaye suna ƙera abin wuya na azurfa da ake kira gicciyen Agadas, masu sa shi kuwa Musulmi ne, ado ne a wurinsu da gadon kakanni. Kama da wane ba ta wane.

To kai fa? Idan aka zaunar da kai yau, me za ka ce?

Ba a banza nake tambaya ba. Kwanakin baya wani saurayi daga zumuntar matasanmu ya same ni bayan sujada, fuskarsa ba walwala. Yana koyon gyaran waya a wani shago cikin gari. Ya ce abokin aikinsa, mutumin kirki wanda suke cin abinci kwano ɗaya, ya tambaye shi ba da faɗa ba: "Mu ma fa mun yarda da Annabi Isa. Mun yarda budurwa ce ta haife shi, ya warkar da makafi da kutare, zai kuma dawo. To mene ne naku da ba mu da shi?" Yaron nan an haife shi cikin ikilisiya, yana buga ganga a ƙungiyar mawaƙa, ba ya fashin addu'ar dare. Amsar da ya iya bayarwa ita ce, mu ranar Lahadi muke zuwa coci. Ya ce mini tun daga ranar bai sami barci mai daɗi ba, don ya gane bai san abin da yake tsaye a kai ba. Na gode wa Allah da ya ji kunya. Da yawa cikinmu ba mu ma kai ga jin kunyar ba.

A Katsina mutane suna da hanyoyinsu na gane Kirista. Suna duban suna, ko harshe, ko irin ɗinkin riga, ko mace ta yafa mayafi ko ba ta yafa ba. Idan sunanka Emeka ko Sunday an gama magana. Idan kuwa sunanka Musa ko Yakubu, daga Malumfashi ko Kafur ka fito, Hausa ce harshen da ka sha a nono, sai a dube ka da mamaki a ce, ashe akwai Bahaushe Kirista? Waɗansu su ce Nasara, kalmar da ake kiran Bature da ita, kamar bin Yesu kayan Turawa ne. Wannan duk kallon na waje ne, ba laifinsu ba ne. Abin tsoro shi ne mu da kanmu mu ɗauki ma'auninsu mu auna kanmu da shi, mu ce tunda sunana na coci ne, iyayena masu bi ne, an rubuta ni a littafin 'yan ikilisiya, shi ke nan.

Sunan nan Kirista ma ba masu bi ne suka raɗa wa kansu ba. Sau uku kaɗai ya fito a Sabon Alkawari: a Ayyukan Manzanni 11:26, da 26:28, da 1 Bitrus 4:16. A birnin Antakiya aka fara jinsa, birnin kasuwanci mai kabilu iri-iri. Mutanen gari suka ga wata jama'a da ba za a iya kiranta Yahudawa ba, gama akwai Helenawa a ciki, ba kuma harshe ɗaya ko sana'a ɗaya ta haɗa su ba. Abu ɗaya aka lura ba ya barin bakinsu, wato Almasihu, Kristi. Sai aka laƙaba musu sunansa. Lura da wannan da kyau. An ba su sunan ne domin an rasa wani abin da ya haɗa su in ban da shi.

Me suke faɗa a kansa? Manzo Bulus ya ajiye mana shi a farkon sura 15 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, wadda ya rubuta wajen shekara ta 55, kimanin shekara 25 bayan abin ya faru. Ya ce ba shi ya ƙago ba, karɓa ya yi ya miƙa, kuma shi ne ya fi kome muhimmanci. Buɗe ka karanta aya ta 3 zuwa ta 8 da idonka. Za ka ga magana ce a kan mutuwa, da kabari, da tashi, da shaidu.

Mu fara da mutuwar, gama a nan hanya ta rabu. Maƙwabtanmu Musulmi suna girmama Isa ɗan Maryamu ƙwarai, kada ka taɓa raina wannan. Amma koyarwarsu ita ce ba a gicciye shi ba. Mu kuwa dukan begenmu a kan gicciyen nan yake rataye. Mun gaskata an kafa masa ƙusoshi a zamanin Buntus Bilatus, gwamnan Roma a Yahudiya, ya mutu mutuwa ta gaske, aka sa shi a kabari. Mun kuma gaskata dalilin mutuwar, cewa saboda zunubanmu ne. In ka cire dalilin, abin da ya rage labarin wani adali ne da aka zalunta, irinsa kuwa duniya ta gani da yawa.

Ka san yadda mai shago yake da littafin bashi. Kullum kana karɓar kaya yana rubutawa, har ranar da ka daina bin layin don kunya. Gaisuwa mai kyau ba ta share littafin, yin alkawarin ba za ka ƙara ci ba shi ma ba ya biyan na baya. Sai an biya. Zunubi haka yake a gaban Allah mai tsarki, sai dai hakkinsa mutuwa ne, ba naira ba. Azuminka da baikonka da zakkarka abubuwa ne masu kyau, amma ba kuɗin da ake karɓa a wannan wuri ba ne. Kowace Babbar Sallah garin nan yakan cika da raguna, kowa yana tuna yadda Allah ya ba Ibrahim rago a maimakon ɗansa. Mu ma muna da labarin a Farawa 22. Rago ya mutu, yaro ya koma gida da rai. Sa'ad da Yahaya Mai Baftisma ya ga Yesu yana zuwa, da Ɗan Rago ya kwatanta shi. Kirista shi ne wanda ya dubi gicciye ya ce, wurina ne wancan, wani ya tsaya mini.

Amma wane ne ya isa ya tsaya wa dukan duniya? Nan muka zo kan maganar da ta fi yi wa maƙwabtanmu nauyi, mu ma sau da yawa mukan yi ta inda-inda a kanta: Yesu Ɗan Allah ne. Ka sani sarai, ba mu cewa Allah ya yi aure ya haihu. Wannan saɓo ne a kunnenmu kamar yadda yake a kunnensu, in an zarge ka da shi ka musanta da ƙarfi. Ba mu kuma bauta wa alloli uku. Allah ɗaya ne. Abin da Littafi Mai Tsarki ya koya mana shi ne, Allah ɗayan nan ya bayyana kansa Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki, Ɗan kuwa yana tare da Uba tun fil azal, ba a halicce shi ba, shi ne Kalman da ya zama mutum ya zauna a cikinmu, kamar yadda farkon Bisharar Yahaya ya nuna. Ba zan ruɗe ka in ce na gane zurfin wannan duka ba. Ƙwarya ba ta ɗaukar kogi. Amma na san abin da ke faruwa in an bar shi.

An taɓa gwada barinsa. A farkon ƙarni na 4 wani dattijon ikilisiya a Iskandariya ta Masar, mai suna Ariyus, ya fara koyar da cewa Ɗan halitta ne, mafi girma cikin halittu amma dai halitta. Maganar ta yi daɗin ji, ta kuma bazu. A shekara ta 325 shugabannin ikilisiya suka taru a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, suka ƙi wannan koyarwa. Wanda ya fi shan wuya wajen kare gaskiyar daga baya shi ne Atanasiyus, shi ma ɗan Afirka ne daga Iskandariya, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa. Hujjarsa mai sauƙi ce. Halitta ba ta iya ceton halitta. Wanda yake cikin rijiya tare da kai ba shi zai fitar da kai ba, sai wanda yake bisa ya sauko. Koyarwar Ariyus ba ta mutu ba, af. Har yanzu tana zagawa gida-gida da jaka da mujallu masu hotuna, da murmushi, da ayoyi a baki. In sun ƙwanƙwasa ƙofarka ka ba su ruwa su sha, sa'an nan ka tambaye su ko suna yi wa Yesu sujada kamar yadda Toma ya yi a Yahaya 20:28. A nan za ka ji inda suka tsaya.

Sai tashin. Bulus bai ce a gaskata a rufe ido ba. Ya jera waɗanda suka gan shi da rai: Kefas, da sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci ɗaya, waɗanda yawancinsu suna da rai sa'ad da yake rubutu, da Yakubu, da shi kansa wanda dā mai tsananta wa ikilisiya ne. Kamar yana cewa, ga su nan, je ku tambaye su. Ya kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa in Almasihu bai tashi ba, wa'azi banza ne, bangaskiya banza ce, muna nan cikin zunubanmu. Saurayin nan da ya ce mu ranar Lahadi muke zuwa coci, ashe amsar tana hannunsa bai sani ba. Me ya sa Lahadi? Almajiran fari Yahudawa ne, Asabar suka gāda tun daga Musa. Abin da ya sa suka fara taruwa a ranar fari ta mako shi ne a ranar aka tarar da kabari ba kowa. Duk Lahadin da ka sa kaya ka fito, gari yana harkarsa, kai kana shaidar tashin matattu ne da ƙafafunka.

Kada ka ɗauka wannan maganar makarantar tauhidi ce. Mu da muke zaune a jihar nan mun san abin da ake nufi da fargaba. Mun san yadda zuciya take yi in ɗan'uwa ya kama hanyar Jibiya ko Batsari, wayarsa kuma ta daina shiga. Mun tuna Disambar 2020 da aka kwashe ɗaruruwan 'yan makaranta a Ƙanƙara. Waɗansunmu sun binne nasu. A bakin kabari ba wanda yake tambayar ko ka iya rawa a lokacin yabo. Abin da yake riƙe gwauruwa a tsaye a ranar nan shi ne sanin cewa akwai wanda ya shiga kabari ya fito, ya kuma yi alkawari zai ta da nasa.

Yanzu fa sai ka yi hankali, gama mutum yana iya yarda da dukan abin da na faɗa ya kuma hallaka. Yakubu 2:19 ya tuna mana aljanu ma sun san Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. A cikin Bishara su ma sun faɗi ko wane ne Yesu. Saninsu daidai ne, amma ba su miƙa wuya ba. Je tashar KTSTA da safe ka ga. Ɗan kamasho ya san motar Kano sarai, ya san direba, ya san kuɗin mota, tun asuba yake kiran Kano, Kano. Da yamma yana nan Katsina. Wanda ya shiga ya zauna shi ne ya tafi. Shi ya sa ayar haddacewarmu ta haɗa abu biyu, zuciyar da ta gaskata Allah ya ta da shi, da bakin da ya shaida shi Ubangiji ne. A zamanin Bulus wannan shaida tana da tsada, gama Kaisar ma ana kiransa ubangiji. A garinmu ma tana da tsada. Akwai 'yan'uwa a cikinmu da suka rasa gādo, ko aure, ko gaisuwar dangi saboda ita. Ubangiji yana nufin mai mulki, wato shi ke da ta cewa a kan kuɗinka, da gadon barcinka, da mudun da kake awo da shi, da abin da za ka yi wa wanda ya cuce ka. Wannan juyowa daga mulkin kanka zuwa nasa ita ce tuba. Sabon ran da Ruhu Mai Tsarki yake sawa a cikinka kuwa shi ne maya haihuwar da Yesu ya gaya wa Nikodimu, malamin da ya san Attaura fiye da ni da kai amma aka ce masa sai ya sāke farawa.

Bari in yi magana da mu 'yan Fentikos musamman, tunda a gida muke. Mun gaskata da baftismar Ruhu Mai Tsarki, da magana da harsuna, da warkarwa, da annabci. Ban ja da ko ɗaya ba, na ga hannun Allah da idona, ina kuma roƙo ka nemi cikar Ruhu da dukan zuciyarka. Amma waɗannan kyautai ne da Uba yake ba 'ya'yan da suke cikin gida, ba su ne ƙofar shiga ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai yi harsuna ba, bai ba da zakka ba, ko ruwan baftisma bai taɓa shi ba. Ya yarda da laifinsa, ya gane wanda yake kusa da shi Sarki ne, ya roƙa a tuna da shi, aka kuwa karɓe shi a ranar. A ɗaya gefen kuma, karanta Matiyu 7:21-23 a hankali. Mutanen da aka kora a wurin masu annabci ne, masu fitar da aljanu, masu al'ajibai, duk da sunan Yesu. In ka ce mini wannan nassi bai taɓa ba ka tsoro ba, zan ce ba ka karanta shi ba. Siman mai sihiri a Samariya an yi masa baftisma, amma iko yake so, har ya ciro kuɗi zai saya. 'Ya'yan Siba a Afisa suka ɗauki sunan Yesu kamar laya, aljani ya yi musu dukan tsiya suka fita tsirara. In kwalbar mai da hankici da takardar da ka manna a ƙofa sun zama abin dogararka, ka sāke laya ne kawai, ba ka sāke ubangiji ba.

Wannan ya kamata ya rage mana girman kai a gaban sauran 'yan'uwa. A 1937 ma'aikatan mishan na SIM suka karɓi aikin kula da kutare a Babbar Ruga, nan bayan gari, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Ba 'yan Fentikos ba ne. Sun wanke gyambon da dangi suka guje wa, shekara da shekaru, saboda sun gaskata wanda ya mutu ya tashi. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka fara bugawa cikakke a 1932, wanda kakanninmu suka koyi karatu da shi, ba mu muka fassara ba. Ɗan'uwanka na ECWA, ko Angilikan, ko Baftis, ko Katolika, kuna da bambanci a kan abubuwa, waɗansu ma manya ne, ba na cewa a share su. Amma in yana shaida Yesu Ɗan Allah ne, ya mutu dominsa, ya tashi, yana kuma binsa, to ka yi hankali da bakinka kafin ka ce ba shi da Ruhu don sujadarsu ba ta da ƙara kamar tamu. Mu kaɗan ne a garin nan, ba mu da yawan da za mu riƙa korar juna.

Saurayin nan na ce masa ya koma gida ya karanta sura 15 ɗin nan sau uku, ya rufe Littafin, ya rubuta a takarda da kalmominsa abin da ya gaskata game da Yesu, kada ya wuce layi biyar, kada kuma ya sa kalmar da abokinsa ba zai gane ba. Na ce in ya gama ya tambayi kansa ko ya taɓa faɗa wa Yesu da kansa waɗannan abubuwa, ko kuwa ji kawai yake yi ana faɗa. Ya dawo bayan mako guda da takardar duk ta sha gogewa. Ya ce tambaya ta biyun ce ta fi ba shi wuya, a daren Laraba ya durƙusa a ɗakinsa ya amsa ta. Abokinsa bai zama Kirista ba, suna nan suna cin abinci kwano ɗaya, amma yanzu in an tambaye shi yana da abin faɗa, cikin ladabi, ba da gardama ba.

Kai ma ka nemi takarda da biro yau kafin ka kwanta. In kana da yara, ka zaunar da su ka ji tasu amsar, gama za a tambaye su a makaranta tun kafin a tambaye ka a kasuwa.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, na daɗe ina amsa sunanka. Yau ina so in amsa maka kai da kanka. Ka gafarta mini inda na dogara ga sunan gidanmu, da hidimata, da baiwar da ka ba ni. Ka ba ni baki in amsa wa maƙwabcina da tawali'u. Ka riƙe 'yan'uwanmu da aka kora daga gida saboda kai, ka kiyaye waɗanda suke kan hanya a daren nan. A cikin sunanka na roƙa. Amin.